Hawa na Goma Sha Ɗaya

Sati bakwai ke nan da lifta ta mutu
a dogon benen nan na Salford.
Takardar "ana gyara" da aka liƙa har ta koɗe.
Masu jini a jika su hau, su yi haki, su yi tsaki, su wuce.
Baba Tanimu yana hawa na goma sha ɗaya,
shi da gwiwoyi biyu da suka daina jin magana.

Shekara talatin ya tuƙa bas a garin nan,
babu kwanar da bai sha ba.
Yanzu ta taga yake hango su, ƙanana kamar kwalin ashana,
yana cewa, "Dubi yaron can, bai iya taka birki ba."

Laraba ce ranata.
In taso daga aikin dare, ido kamar an watsa barkono,
in ɗauko madara, burodi, maganin hawan jini,
in ƙirga matakala ɗari da saba'in da shida.
Ba a biyana ko sisi.
Mahaifina yana Gumel, wata maƙwabciya ke kai masa koko,
ban taɓa ganin fuskarta ba.
Bashinta nake biya a inda hannuna ya kai.

Amma burodi ba ya sauko da mutum ƙasa.
Balaraba ce ta faɗa, a zauren cocin da ake ara mana kujeru:
"Mun zama jakunan hukuma,
mu da dako, su da minshari."

Sai muka bi ƙofa-ƙofa da biro.
Doreen ta hawa na tara,
an binne ƙanwarta, ita tana zaune da baƙar hula a cinya.
Winston, da aka sauko da shi wankin ƙoda
a kujera, kamar buhun gero, yana ba masu ɗaukarsa haƙuri.
Hajiya Kulu ba ta rubutun boko,
ta shafa jan-bakin Doreen a yatsa, ta dangwala.
Sunaye arba'in da uku.

Na buga waya, aka sa mini kiɗa.
Na sake bugawa, kiɗan dai.
Har na iya shi, ina rera shi a wurin wanke-wanke.

Ranar zaman majalisa minti uku aka ba mu.
Na kwana ina tsara jawabi mai sa hawaye,
na karanta wa Baba, ya bar shayinsa ya huce.
"Ladidi," ya ce, "kada ki yi mini bara.
Hayata biye take.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Miƙo wayar nan."

Na tsaya gabansu, masu ruwan gora da takardu,
na naɗe jawabina, na kara wayar a lasifika.
Muryarsa ta fito da tarinta:
"Na kai iyayenku mata asibiti.
In na hango mai sanda tana tafe, jira nake,
ko na makara, ko fasinja na gunaguni.
Ban taɓa barin tsohuwa a tasha ba.
Juma'a bakwai ban ga masallaci ba.
Na gama."

Saura minti biyu, ban ƙara komai ba.
Na bar musu shirun su zauna a ciki.

Bayan kwana tara masu gyara suka zo.
Tana gurnani, tana ɗan karkarwa a hawa na shida,
amma tana sauka.
Baba ya fito da rigarsa mai ƙamshin adaka,
ana yayyafi, na buɗe masa lema, ya ture.
Ya ɗaga fuska sama, ya daɗe.
Bas ta tsaya, ya leƙa wajen direba:
"Ɗana, a hankali ake taka shi."

Takardar sunayen tana jakata har yau.
Balaraba ta kira ɗazu:
a benen da ke tsallaken titi,
tun Lahadi babu ruwan zafi.